Muhawara: Shin Tsayar da Roka a Daƙiƙar Ƙarshe Sakaci Ne?

Mai Ƙorafi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na hana idona barci domin in ga yadda wani kamfani zai harba tauraron ɗan'adam na sadarwa. Ana ta ƙirga lokaci har saura 'yan daƙiƙu, sai aka tsayar da agogo, aka ce wani bawul ya ƙi amsa umarni, sai wata rana. Abin da ya ɓata mini rai shi ne tauraron nan ya yi makonni a filin harbawa ana cewa gwaji ake yi masa, alhali an riga an gwada shi a masana'antar da ta ƙera shi. A ganina wannan gwaji na biyu ɓarnar kuɗi ne, kuma gano matsala a daƙiƙar ƙarshe sakaci ne tsagwaronsa.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, ka janye kalmar sakaci, domin ba ta dace da mutanen da suka tsayar da rokar ba. Irin waɗannan rokoki sai ana saura sa'o'i kaɗan su tashi ake ɗura musu oksijin da aka sanyaya ya zama ruwa, wanda sanyinsa ya kai digiri 183 ƙasa da sifiri, wasunsu kuma har da haidurojin mai sanyin digiri 253 ƙasa da sifiri. Bawul ɗin da ya yi aiki lafiya jiya cikin ɗumi yana iya cijewa yau idan wannan sanyi ya ratsa shi. Sakaci na gaske shi ne abin da ya faru ranar 28 ga Janairun 1986, lokacin da injiniyoyi suka yi gargaɗi cewa sanyin safiyar zai taurara zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar kumbon Amurka mai suna Challenger, aka ƙi saurarensu, kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum 7 suka rasu.

Malamar Kimiyya: Injiniya, da girmamawa, kada son abokan sana'a ya sa ka wanke kowa. A shekarar 2003 tauraron hasashen yanayi na Amurka mai suna NOAA-N Prime ya faɗo ƙasa a masana'anta yayin da ake karkata shi, saboda an cire ƙusoshi 24 da ke riƙe mazauninsa, kuma babu wanda ya duba kafin a juya shi. Haka nan a watan Nuwambar 2021, ana shirin ɗora na'urar hangen nesa ta James Webb kan mazauninta a Kourou, filin harba rokokin Turai da ke Giyana ta Faransa, maɗaurin da ke ɗaure ta ya kwance ba zato har ta girgiza, aka ɗage tashinta daga 18 zuwa 22 ga Disamba. Idan waɗannan ba sakaci ba ne, wane suna za ka ba su?

Injiniya: Na farkon sakaci ne, ban musa ba. Na biyun tsautsayi ne, Malama, kuma ɗagewar da aka yi domin a sake bincike ita ce taka-tsantsan. Kin haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba.

Malamar Kimiyya: Maɗauri ba ya kwance kansa, Injiniya. Ku dai duk kuskuren da bai kashe kowa ba sai ku sa masa suna tsautsayi.

Masoyin Baikonur: Duk wannan shan wahala ta Turawan Yamma ce. A Baikonur, filin harba rokokin Rasha da ke Kazakistan, kwance ake harhaɗa rokar Soyuz, a ɗora ta kan jirgin ƙasa, a kai ta wurin harbawa kwanaki kaɗan kafin tashi, sannan a miƙar da ita tsaye. Daga nan Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, ya tashi ranar 12 ga Afrilun 1961, kuma har yau rokar Soyuz tana tashi ko da ƙanƙara ta rufe fili. Rashawa ba su san sakaci ba.

Ɗan Falaki: Ɗan'uwa, soyayya ta rufe maka ido. A watan Yulin 2013 rokar Rasha mai suna Proton ta kife ta faɗi a Baikonur ɗin da kake yabo, ɗauke da taurarin nuna hanya na Rasha, wato GLONASS, guda 3, saboda an ɗaura na'urorin auna juyawarta kai a ƙasa. A Oktoban 2018 kuma Soyuz ta samu matsala da mutum 2 a ciki, saboda wata na'ura da aka lanƙwasa wajen harhaɗawa, Allah ya sa tsarin tserewa ya cece su. Ka kwatanta da rokar Turai Ariane 5, wadda ta kai Webb daidai har aka ce man da ya rage wa Webb ɗin zai kai ta fiye da yadda aka tsara.

Masoyin Baikonur: Ariane 5 ɗin da ta tarwatse a tashinta na farko ranar 4 ga Yunin 1996, ba ta cika minti guda a sama ba, saboda kuskuren manhaja? Kowa ya san kai ɗan goyon bayan Turai ne, Malam, kullum maganarka ke nan a zauren nan.

Ɗan Falaki: Tashin farko ba abin auna roka ba ne, kuma ban taɓa ɓoye wanda nake goyon baya ba.

Mai Ƙorafi: Jama'a, tambayata a kan makonnin da ake ɓatawa a filin harbawa ce, har yanzu ba wanda ya taɓa ta.

Dattijon Zaure: Yaro, akwai ayyukan da ba sa yiwuwa a masana'anta. Webb ta iso Giyana ta Faransa a jirgin ruwa ranar 12 ga Oktoban 2021, kuma dole a tabbatar doguwar tafiyar teku ba ta taɓa komai ba. Man da ake zuba wa tauraro, haidirazin, guba ne, shi ya sa ba a yin jigilarsa da tanki cike, sai a can ma'aikata sanye da rigunan da ke rufe jiki ruf, da iskar shaƙarsu daban, suke ɗura shi a hankali. Bayan haka ne ake ɗora shi kan roka, a rufe shi da murfin da ke kare shi daga iska da zafi.

Malamar Kimiyya: Baba, ai a irin wannan ɗorawar ce maɗaurin ya kwance, wato mun dawo kan sakaci.

Shugaban Zaure: Zan rufe zaren nan tun kafin ya zama faɗa. Abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu sun yarda kalmar sakaci ba ta dace ba, kuma Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa wanda babu wanda ya iya rusa shi. Misalan Malama na masana'anta ne, ba su shafi batunmu sosai ba. Masoyin Baikonur bai kawo hujja ba, kuma ya bayyana cewa shirin Turawa a Kourou ya fi tsari, tun da Webb ta tashi lafiya ranar 25 ga Disamban 2021.

Malamar Kimiyya: Shugaba, misalina na biyu a Kourou ɗin ya faru, kuma ban ga inda aka ƙirga masu goyon bayan Injiniya ba. Ina roƙon a gyara wannan taƙaitawa kafin a rufe.