Shin ya dace in ci gaba da goyon bayan ɗan takarar da ya ɓata mini rai a zaɓen fidda gwani?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Na goyi bayan wani ɗan takara saboda alkawarin da ya yi na siyasa mai tsabta, amma da zaɓen fidda gwani ya yi zafi, sai ya koma cin mutuncin abokin hamayyarsa, magoya bayansa kuma suna tare wakilai a ƙofar zaure suna yi musu barazana. Ya samu tikiti, ni kuwa zuciyata ta yi sanyi. Me kuke ba ni shawara?

Dattijo: Wa alaikumussalam, ɗana. Zafin takara ba sabon abu ba ne; a Amurka, Hillary Clinton da Barack Obama sun fafata sosai a 2008, daga baya ta mara masa baya. Sai dai sukar manufa daban take da tsoratar da wakilai, domin wanda ya murƙushe 'yan jam'iyyarsa tun bai hau mulki ba, da wuya ya saurari talaka bayan ya hau.

'Yar Jam'iyya: Baba, na yarda da kai, amma tsarin ma yana da laifi. Idan wakilai ƙalilan ne ke yanke hukunci, sayensu ko razana su abu ne mai sauƙi, shi ya sa nake fifita 'yar tinƙe, duk da cewa ita ma ba ta rasa maguɗi.

Malamin Makaranta: Ɗan'uwa, kada ka ƙaurace wa rumfar zaɓe. Ka jira ka gani ko zai nemi afuwa ya tsawata wa mutanensa. In bai yi ba, ka ba wani ƙuri'arka.