Na samu gurbin aikin sa kai da Oxfam a Glastonbury, wa ya taɓa yi ya ba ni haske?

Zee_Kd:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a Ingila, musamman in akwai wanda ya taɓa yin irin wannan aikin. Ina mastas ne a Leeds, wata ƙawata 'yar ajinmu ta ja ni muka cike fom ɗin aikin sa kai na ƙungiyar agaji ta Oxfam tun farkon shekara wai za mu tsaya musu a bikin waƙe-waƙe na Glastonbury, ni wallahi ban ma sa rai ba don an ce gurbin nan da nan yake ƙarewa, sai ga shi mun samu mu biyun. Bana, wato 2025, daga 25 zuwa 29 ga Yuni za a yi. Na riga na ajiye kuɗin da suke karɓa, kusan kuɗin tikiti ne, sun ce in na kammala aikina za su mayar min.

To yanzu fa abin ya fara ba ni tsoro. Ban taɓa kwana a tanti ba a rayuwata. Me zan ɗauka? Ya ake yi da salla da tsarki a irin wurin? Abinci fa? Sannan aikin kansa da wahala ne ko dai tsayuwa ce kawai? Mama dai na ce mata aikin agaji zan je, wanda kuma ai ba ƙarya na yi ba lol.

Baban_Sadiq:

Wa alaikumussalam ƙanwata. Na yi musu wannan aikin a Glastonbury da kuma bikin Reading lokacin ina ɗalibi, bari in faɗa miki yadda abin yake.

Ki fara cire wa ranki cewa tikitin banza kika samu, aiki za ki je yi. Duti uku ake yi, kowanne awa takwas da 'yan mintuna, kuma yawanci sai an haɗa miki da na dare guda ɗaya. Masu bikin ne ke biyan Oxfam kuɗin wannan aikin da kuke yi, ta nan ƙungiyar ke samun nata, shi ya sa ba sa wasa da wanda ya tsallake duti, kuɗin ajiyarsa ya tafi kenan. Za a ba ki riga mai sheƙi ki ɗora a kan kayanki, a kai ki get kina duba tikiti da ɗan ƙyallen da ake ɗaura wa mutane a wuyan hannu, ko a tsayar da ke a mararraba kina nuna hanya, wani wurin har da oba-oba za a ba ku. Ba ke ce sikiriti ba, akwai masu tsaro daban, in rigima ta taso naki kawai ki kira su. Kuma ba a tsayar da mutum shi kaɗai da dare.

Wurin gona ce fa ta shanun madara, Worthy Farm, kusa da ƙauyen Pilton a Somerset. Mai gonar Michael Eavis ya fara abin a 1970, yanzu 'yarsa Emily ke jan ragamar, mutanen da ke taruwa sun kai dubu 200. Ki ɗauka gari ne guda aka kafa a kan ciyawa, daga inda kike kwana zuwa inda za ki yi duti kina iya cin tafiyar minti arba'in ko fi in akwai cunkoso, kafin ma ki fara tsayuwar awa takwas ɗin. Saboda haka duk kuɗin da za ki kashe ki fara kashe shi a ƙafa. Takalmin tafiya mai kauri wanda ruwa ba ya ratsawa, ki saya tun yanzu ki riƙa sa shi kina zuwa makaranta ya saba da ƙafarki, kar ki kuskura ki je da sabo fil, bororo zai hana ki sakat tun ranar farko. Rambut ma ki tafi da shi don ranar da aka yi ruwa, amma ba a yini a cikinsa in ƙasa a bushe take, yana cin ƙafa. Safa kuma ki kwasa da yawa, fiye da yadda kike tsammani, da filasta.

Yanayin garin ba shi da alƙawari. A 2016 caɓi ne har motoci na maƙalewa, a 2005 ruwa ya shanye tantunan mutane, a 2019 kuma zafi aka sha. Kar ki ce ke 'yar Kaduna ce rana ba ta dame ki ba, can babu inuwa, fili ne fetal, ki sa hula mai baki a kan ɗankwalinki. Amma abin da ya fi kama mutanenmu sanyin dare ne. Da rana kina zufa, ƙarfe uku na dare kina tsaye a get haƙoranki na haɗuwa. Suwaita mai kauri, rigar ruwa, safar hannu, duk ki sa a jaka ko da kin ga rana ta take lokacin fita.

Daɗin abin, ku ma'aikatan Oxfam kuna da filin kwananku daban da na 'yan kallo, akwai wurin wanka, akwai shayi, akwai wurin cajin waya, kuma suna ba da takardar cin abinci ta kowane duti. Tanti da bargon kwana mai zif da katifar shimfiɗa kuwa naki ne. Ki kafa tantin nan sau ɗaya a gida kafin ki tafi, kar sai kin isa a gajiye ki tsaya karanta takarda.

Anti_Brum:

Zee 'yata, kafin a kai ga maganar takalmi, wace biza gare ki? In ta ɗalibai ce ki tsaya ki karanta wannan da kyau.

Awa 20 kawai aka yarda ki yi aiki a mako lokacin karatu, kuma makon nasu daga Litinin ne zuwa Lahadi. Duti uku na awa takwas ya zama 24, ya riga ya haura. Za ki ce ai ba biyana ake ba, to a dokar shige da fice ta ƙasar nan sun raba abin gida biyu. Akwai sa kai wanda kike zuwa in kin ga dama ba wanda ya ɗaure ki, wannan ba a lissafa shi. Akwai kuma wanda aka yanka miki lokaci da aiki dole ki cika, a saka miki da wani abu ko da ba kuɗi ba ne, wannan ana ƙirga shi cikin awa 20 ɗin. To ke ki duba naki, an yanka miki lokaci, an riƙe kuɗinki in ba ki zo ba, an ba ki shiga biki da abinci. Ni dai a idona ya fi kama da na biyun.

Kuma inda 'yan mastas ke faɗawa rami shi ne suna ganin 'yan digirin farko sun tafi hutu a Yuni sai su ɗauka su ma suna hutu, alhali kuna kan rubutun kammalawa, jami'o'i da yawa lokacin karatu suke ɗaukarsa. In kuma kina wani ɗan aikin a gefe shi ma a haɗa yake shiga lissafi. Ki rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku gobe goben nan, ki faɗa musu ranakun da yawan awannin, ki ce su ba ki amsa a rubuce ki adana. Ita ma Oxfam ɗin ki tambaye su. Ki kuma duba sharuɗan janyewa tun da wuri don kar kuɗinki ya maƙale in ta kama ki fasa. Iyayenki sun kashe kuɗi da yawa kafin ki zo nan.

Abu_Huzaifa:

Ni dai gaskiya ban ga abin da zai kai 'yar musulmi wurin nan ba. Kiɗa dare da rana, giya, shaye-shaye, tsiraici. In ladan taimako kike nema ga shagunan Oxfam nan a kowane gari suna neman masu tsaya musu, ga rumbunan raba abinci na masallatai. Kuma ki faɗa wa mahaifiyarki gaskiyar inda za ki, ba rabin zance ba. Allah ya sa mu dace.

Ummu_Hanan87:

Malam maganarka ta a faɗa wa Mama gaskiya ina bayanta ɗari bisa ɗari, kuma giya da hayaƙi akwai su, ba wanda zai ɓoye mata. Amma ba sayar da giya za ta je yi ba. Akwai ƙungiyoyin da masu sa kansu a mashaya suke tsayawa, wannan daban, na Oxfam tsaron ƙofa ne da nuna hanya, kuma an hana su shan komai a bakin aiki. Sauran kuma tsakaninta da iyayenta da zuciyarta.

Zee ni da WaterAid na yi nawa, su ne ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyi uku da bikin ke tallafa wa, su da Oxfam da Greenpeace. Mu aikinmu ruwa ne da ban ɗaki, don haka bari in ba ki labarin da maza ba za su ba ki ba.

Ban ɗakunan da suka fi yawa rami ne dogo aka jera ɗakunan ƙarfe a kai, sama a buɗe, ƙasan ƙofa ma a buɗe ana hango ƙafar mutum, ba famfo a ciki ba tishu. Akwai kuma na takin zamani da ake zuba garin katako bayan an gama, su sun fi dama-dama wajen wari. Famfuna suna waje. Saboda haka ki samu gorar roba mai matsewa wadda kika ware ta zama butarki, kullum tana cikin jakar baya a cike, da tishu da man wanke hannu. Kar ki sa doguwar abaya mai jan ƙasa, wallahi za ki yi kuka. Wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa, wandon ki cusa cikin takalmi. Hijabi ƙarami mai saurin bushewa ki ɗauki kamar huɗu, kayan salla kuma ki ƙulle su a leda daban su da sallaya, ki ajiye a tanti.

Salla a cikin tanti na riƙa yi, shi ya sa in za ki saya ki nemi mai ɗan tsayi, in ba haka ba sai dai ki shimfiɗa a bayansa, kuma ba wanda zai kalle ki, mutanen wurin sun ga abin da ya fi wannan. Lokutan ne ke rikita mutum, ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, kafin biyar na safe ta fito, tsakanin isha da asuba ɗan taƙi ne. In dutinki ya haɗa da lokacin salla ki faɗa wa shugaban rukuninku tun farkon dutin ya daidaita miki hutunki, ni ban taɓa samun wanda ya hana ni ba. Maganar ƙasaru da haɗa salla kuma ki tambayi malami kafin ki tafi, tafiya ce mai nisa daga Leeds.

Abinci ba matsala, masu sayar da na ganye da wake da shinkafa sun yi yawa, ga falafel ko'ina, sai dai tsada. Ki yi dambun nama ki tafi da shi, da dabino da gyaɗa da garin kwaki da sukari. Yajinki ki juye a roba, an hana shiga da kwalba kowace iri har ta turare, saboda shanu za su dawo kiwo a filin. Tun 2019 kuma suka daina sayar da ruwan gorar da ake sha a yar, sai ki je da gorarki ki riƙa cikawa kyauta. In kina da atishawar ciyawa ki sayi magani tun daga gida.

Dogo_Mcr:

Kai jama'a kun bi kun tsorata yarinya. Fela Kuti ma ya yi wasa a bikin nan tun 1984, a 2024 kuma Burna Boy da Ayra Starr suka yi a Pyramid, babban dandalin bikin. Tikitin 2025 fam 373.50 ne banda fam 5 na saye, kuma cikin ƙasa da awa ɗaya ya ƙare. Badi ma ba za a yi ba, 2026 shekarar hutun gonar ce. Zee in kin fasa ki ba ni gurbin don Allah.

Zee_Kd:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Anti wallahi gabana sai da ya faɗi, bizar ɗalibai ce kuma ina aikin awa goma a wani shago duk mako, na tura wa ofishin saƙo yanzun nan, ƙawata ita 'yar ƙasa ce shi ya sa abin bai zo mata a rai ba. Malam na ji, zan kira Mama ranar Juma'a in faɗa mata komai, in ta ce a'a shikenan. Dogo gurbin da sunana da hotona yake, ka yi haƙuri.

Yaya Baban Sadiq in komai ya daidaita, ya ake zuwa wurin? Kuma fasfo da kuɗi a ina zan ajiye, tanti ai ba ya kulluwa.

Baban_Sadiq:

Ku ana so ku isa kafin a buɗe wa jama'a ƙofa ranar Laraba, za su turo miki ranar da za ki zo. Tashar jirgin ƙasa mafi kusa ita ce Castle Cary, daga Leeds sai kin canza jirgi, ki sayi tikitin da wuri don yana tashi. Masu sa kai kuma suna haɗa mota a raba kuɗin mai, ki duba rukuninsu na Facebook, ku biyu ne ai ba za ku rasa mata masu tafiya daga arewa ba. Kayanki kar su wuce abin da za ki iya goyawa a baya, akwati mai taya ba ya tafiya a ciyawa.

Katin shaida mai hoto dole ne wajen rajista. Akwai rumfunan ajiyar kaya kyauta a cikin filin, dare da rana a buɗe suke, ki kai fasfo ɗin can su ba ki 'yar takarda. Kar ki sa kwaɗo a tanti, kiran ɓarawo ne. Waya da kati in za ki kwanta ki tura su can ƙasan bargon wajen ƙafarki. Ki ƙara da fawa bank da tocilar goshi da abin toshe kunne, don bayan dutin dare da rana tsaka za ki yi barci ana ta kiɗa. In dutin da aka ba ki bai yi miki ba kina iya musanya da wani, amma sai kun sanar da ofis an rubuta.