Tukunya ɗaya muke ɗorawa: yaya za mu tsara abincin da zai dace da kowa?

Manomi daga karkarar Ringim:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. An gwada mahaifinmu a asibiti aka same shi da ciwon sukari da hawan jini, kuma tun daga lokacin mutanen gari suke cewa lallai ya bar tuwon dawa da na gero ya koma alkama da acca, alhali abin da ke rumbunmu ke nan, aljihunmu kuma ba zai ɗauki sayen alkama kullum ba. Maiɗakina tana da juna biyu, a wurin awo an ce jininta ya yi ƙasa, ni kuma a gona nake wuni. Yaya za a yi kowa ya samu abin da jikinsa yake buƙata ba tare da an yi girki uku ba?

Ma'aikaciyar lafiya daga Dutse:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sauki iyali lafiya. Kada maganar alkama ta tayar maka da hankali, domin ita ma hatsi ce, kuma tana komawa sukari a cikin jini kamar yadda dawa da gero suke komawa. Abin lura shi ne girman malmalar da irin gyaran da aka yi wa hatsin, saboda wanda aka surfe tas aka raba shi da dusarsa ya fi saurin ɗaga sukari. A rage surfen, sannan a raba kwanon Baba: rabi ganye da kayan lambu kamar zogale, rama, alayyaho ko kuɓewa, kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi, ƙwai ko awara, ragowar kuma tuwo.

Inda na fi so ku sa ido shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafi ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen miya. Kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuka ita ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri. Wannan gyara a tukunyar kowa za a yi shi, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, kuma idan aka riƙa ragewa a hankali harshe zai saba. Ina roƙonku kada Baba ya sha maganin sukari ya zauna da yunwa. Idan kuka ga yana karkarwa da gumi, mai yiwuwa sukarin ne ya faɗi, a ba shi abu mai zaƙi nan take a kai shi asibiti.

Uwar gida daga Gaya:

Ɗana, ni hankalina yana kan matarka. A gidajenmu mace ce take zuba wa kowa, ta ci abin da ya rage a gindin tukunya, saboda haka kai ne za ka tsaya a fara fitar da nata. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir a matsa masa lemon tsami, wake, busasshen kifi da ƙwai duk za su taimake ta, kuma zancen cewa mai ciki ba ta cin ƙwai ba shi da tushe. Ta daina haɗa shayi da abinci, domin yana hana jiki cin moriyar sinadarin da ke gina jini, kuma ta riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ta, abinci kaɗai ba zai maye gurbinsu ba. Yanzu da ganye yake a wadace, a shanya zogale da rama a inuwa a adana saboda rani.

Malamin makaranta daga Haɗeja:

Na ga ba a taɓo fura ba, alhali ita ce abincin ranar dattawanmu. A ganina hana Baba ita gaba ɗaya zai sa ya riƙa sha a ɓoye, don haka gara a dama masa kaɗan, nono ya fi yawa, ba sukari ba zuma, lemon kwalba kuwa a bar shi kwata-kwata. A kuma nemi a duba ƙodarsa, domin cututtukan nan biyu suna taɓa ta, idan kuwa ta taɓu, ƙa'idar wake da wasu ganyayen za ta sauya, likita ne zai tsara. Kai da kake riƙe da fartanya tun safe ba ka buƙatar rage tuwo, amma ka je a auna jininka da sukarinka tunda ciwon yana bin dangi.

Ma'aikaciyar lafiya daga Dutse:

Na yarda da malamin makaranta a kan fura, da sharaɗin a auna sukarin Baba kimanin awa 2 bayan ya sha, a rubuta sakamakon a nuna wa likita ranar komawa asibiti, domin jikin wani yana ɗauka, na wani ba ya ɗauka.