Littafin motata ya ce 87, wane mai zan sha?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Camry ɗin da na karɓo a Berger, nan Legas, ranar Asabar, littafinta ya ce a riƙa sha mata mai lamba 87 ko sama. Na tambayi yaron gidan mai lamba nawa ne mansu, ya tsaya yana kallona, wai fetur ai fetur ne. Ga Mercedes ɗin maigidana kuma, 91 aka rubuta a murfin tankinta. Wanne ake sha a garin nan, kuma a ina?

Sani Mile 12: Wa'alaikumus salam. Allah ya sa a kashe lafiya. Sai yaushe za a ba mu ɗani?

Malam Habu Obalende: Yaron ya fi ka gaskiya. Tiyo ɗaya ne na fetur, ɗaya na dizal. Ka sha ka wuce.

Injiniya Kabiru: Allah ya sanya alheri Baban Ilham. Lambar nan ta oktan ce, kuma abin da take aunawa shi ne juriyar mai idan fistin ya matse shi, wato kada ya kama da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi. In ya riga ya fashe, shi ne za ka ji injin na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in ka taka a hawa. Ba ta nufin mai ya fi ƙarfi ko ya fi tsabta.

Abin da ke rikita mutane, ma'auni biyu ne. Motarka daga Amurka ta zo, su can da AKI suke rubutawa a jikin famfo. Mu da Turai RON muke bi, kuma RON kan ɗara da huɗu zuwa biyar a kan mai iri ɗaya. 87 ɗinsu shi ne wajen 91 namu. 91 ɗinsu kuwa wajen 95 ne. Ƙa'idar fetur a ƙasar nan RON 91 ce mafi ƙaranci, don haka Camry ɗinka ta samu daidai abin da take so. Ta maigidanka ce, in ita ma daga Amurka ta zo, ke cin abin da bai kai mata ba.

Baban Ilham: To ita Mercedes ɗin lalacewa za ta yi ke nan?

Injiniya Kabiru: Ba nan take ba. Akwai sensa a jikin injin da ke jin ƙarar nan, sai kwamfutar motar ta jinkirta wutar filogi. Motar za ta tafi, amma ƙarfi ya ragu, shan mai ya ɗan ƙaru. Masu tobo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin injin, sun fi jin jiki, balle da zafin Legas.

Hajiya Maman Khalifa: Ni dai tun da aka cire tallafi a 2023 lambar da nake dubawa ɗaya ce, ta farashin lita.

Sani Mile 12: Hajiya ta gama magana wallahi 😂

Alhaji Garba Idi-Araba: Ku bar maganar lamba, ku ji abin da ya same ni, don Baban Ilham ya san inda haɗarin yake. Kun tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da man nan daga Beljiyam mai metanol fiye da kima, aka janye shi, layi ya dawo ko'ina? A lokacin ina da tafiya Ibadan ɗaurin aure, babu halin kwana a layi. Na tsaya wajen 'yan bumburutu a bakin titi na sayi jarka biyu. Da idona na ga launin man bai yi mini ba, warinsa ma wani iri, amma yaron ya rantse da sassafe ya ɗebo. Ban kai Sagamu ba motar ta fara shaƙewa, in na taka sai ta ja baya, wutar injin ta kunnu tana ƙiftawa. Na lallaɓa na faka, ta mutu, ta ƙi tashi. Janwe ne ya dawo da ni, ɗaurin aure kuwa sai a waya na yi Allah ya sanya alheri.

Da aka sauke tanki, ruwa ne kwance a ƙasa, sama kuma abin da bakanike ya ce an gauraya da kalanzir. Famfon mai ya tafi, nozul biyu sun toshe, filogi duka sun yi baƙi. Na shiga Ladipo neman famfo, na farko da aka ba ni wai na Beljiyam ne, sati bai yi ba ya ƙone. Kuɗin da na kashe ya isa in sha mai wata da watanni. Tun daga ranar, gidan mai guda biyu nake shiga a garin nan, manya masu ciniki, inda tanka ke sauke kaya a kai a kai. Kuma in na ga ana cikin saukewa, wucewa nake, don lokacin ne dattin ƙasan rijiyarsu ke tasowa.

Oga Danlami Bakanike: Gaskiya ne Alhaji. Kuma da damina ku kiyayi gidan man da ruwa ke kwanciya a harabarsa. Motocin da ake kawo mini da ruwa a tanki, yawanci bayan ambaliya ne.

Malam Habu Obalende: Alhaji ai kai ka ja. Bakano da son araha.

Alhaji Garba Idi-Araba: Araha a wajen 'yan bumburutu? Ninki na biya. Kai da babur ɗinka ma aro ne, Bazazzagi, me ka sani a mota?

Malam Habu Obalende: Babur ɗin aro bai taɓa kwana a Sagamu ba dai.

Auwal Ɗan Agege: Yallaɓai Injiniya, ƙananan kwalaben nan da ake sayarwa a gosulo, wai a zuba a tanki ya ƙara oktan, suna aiki? Wani abokina kullum sai ya zuba, ya ce motarsa har tashi take.

Oga Danlami Bakanike: Ka ce ya kawo in ciro masa filogi ya gani. Wasu daga cikinsu na bar wa filogi wani ja-ja kamar tsatsa, su kashe sensar salansa, su toshe indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa. Wanda ake tallarsa a rana a tsakiyar titi kuma, wa ya san abin da ke cikin kwalbar?

Injiniya Kabiru: Masu barin jan nan manganis ne a ciki. Na kirkin ma abin da suke ƙarawa kaɗan ne a cikakken tanki. Motar da aka ƙera don 87 kuwa, ko ka samo mata 98 ba abin da zai ƙaru, kuɗinka kawai ka ƙona.

Auwal Ɗan Agege: To me ya sa wani man ke jimawa wani ya ƙare da wuri? Tun da matatar Dangote ta Lekki ta fara fitar da fetur a Satumban 2024 ake ta wannan musu a majalisarmu.

Sani Mile 12: Ka tsaya awa biyu a gadar Third Mainland da AC a kunne, ka ga ko akwai man da zai jima.

Hajiya Maman Khalifa: Wani wurin ma litar ce ba ta cika. Ni jarka nake aikawa a gwada kafin in saba da gida.

Injiniya Kabiru: Auwal, in kana son sani, ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka bi hanyar da ka saba, ka sake cikawa a famfo ɗaya. Ka yi haka da kowane gida. Allurar tanki ba ma'auni ba ce.

Malam Isa Alaba Rago: Ni abin da na lura, tsohuwar motata in na ɗauki kaya a nan tana ƙarar tsakuwa a gwangwani da Injiniya ya faɗa, amma da na je Jos shiru na ji ta.

Injiniya Kabiru: Jos na kan tudu, sama da mita 1,200, iska ba ta da kauri, matsi a cikin injin ya ragu. Nan kuwa a bakin teku muke. Amma a duba maka taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, kuma wataƙila kabon ya taru a kan fistin.

Oga Danlami Bakanike: Malam Isa ka kawo ta Talata da safe, kafin injin ya yi zafi. Kuma wancan cikon na birki yana nan.

Malam Isa Alaba Rago: Haba Oga, a cikin jama'a?

Baban Ilham: Na gode ƙwarai. Wato in sha na famfo kawai. To maigida fa, me zan ce masa?

Alhaji Garba Idi-Araba: Ka ce ya sayar ya sayi Corolla.

Malam Habu Obalende: Ka faɗa masa haka, gobe ka zo Obalende mu nema maka wani aikin.

Sani Mile 12: Baban Ilham, maganar ɗani fa? Juma'a za ni Ikorodu.