Kwantena ko bangayen harhaɗawa: wanne zan yi wa shagon gahawa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Na samu hayar wani ɗan fili a tsakiyar gari, matse tsakanin gine-gine biyu, ina son buɗe shagon gahawa. Mai filin bai yarda da ginin bulo ba, hayar kuma gajera ce, don haka ina son abin da zan kwance in tafi da shi ran da aka ce in tashi. Ba na son mai shan wuta, ba na son in bar wa mutane tarkace. Wasu sun ce in sayi tsohuwar kwantena, wasu sun ce a ƙera min bangaye a masana'anta a zo a harhaɗa. Masu sani ku taimaka wa 'yar'uwarku.

Wani injiniyan gini: Wa alaikumus salam Malama. Kafin ki sayi komai, ɗauki tef ki auna hanyar shiga filin. Kwantena mai ƙafa 20 tsawonta mita 6.06 ne, faɗinta 2.44, nauyinta babu kaya ya haura tan 2. Galibi mota mai ƙugiya ke sauke ta, kuma idan akwai wayoyin lantarki a sama, magana ta ƙare. Faɗin cikinta wajen mita 2.35 ne kacal. Ki cire kanta, ki cire inda ma'aikaci zai juya, sai ki ga abin da ya rage wa kujeru. Sannan ƙarfinta yana ginshiƙan kusurwa huɗu ne da wannan lanƙwasasshen bangon. Duk tagar da aka yanka sai mai walda ya kewaye ta da ƙarfe, in ba haka ba rufin ya lotsa.

Wata mai shagon gahawa: Injiniya kada ka tsorata ta mana. Kwantena tana aiki. Kamfanin gahawa na Starbucks sun buɗe shago da ita a Tukwila ta Amurka a 2011, a 2018 kuma suka jera kwantenoni 29 suka yi shago ɗaya a Hualien ta Taiwan. Bayan girgizar ƙasar Christchurch ta New Zealand a 2011, a cikin kwantenoni 'yan kasuwa suka ci gaba da ciniki. Dabarar ita ce kada ki zaunar da kowa a ciki. Ciki na aiki ne, a miƙa gahawa ta taga, kujeru su zauna waje ƙarƙashin rumfa. Da dare ki ja ƙofa ki sa kwaɗo, hankalinki kwance.

Wani mai zanen gine-gine: Hajiya, gaskiyarki kan tsaro, amma waɗancan manyan kamfanoni ne masu injiniyoyinsu. Ni abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗauka da an ce kwantena an gama kare muhalli. Akwatin ƙarfe ne. Rana ta dake shi ya zama tanda, sanyi ya zo tururin injin gahawa ya kwanta a bango ya zama ruwa, tsatsa ta biyo baya. Sai an lulluɓe shi da abin tare zafi, kuma in ta ciki aka sa, faɗin nan da ba shi da yawa ya ƙara raguwa. Katakon daɓen tsofaffin ma galibi an jiƙa shi da maganin ƙwari, wurin sayar da abin sha kuwa dole a cire ko a rufe shi ruf. Masu gudun wannan wahala sai su sayi wadda tafiya ɗaya ta yi a teku. To me aka ceto? Sabon ƙarfe ne aka saya.

Ni da ni ne, bangayen harhaɗawa zan zaɓa: firam na katako ko ƙarfe mara nauyi, abin tare zafi a tsakiya, kowane yanki mutum biyu su iya ɗauka. Sharaɗi ɗaya, a ɗaure da noti, ban da walda ban da gam, don abin da aka manne sai an fasa yake fita. Kada a zuba kankare a filin, yin siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon a duniya. A ɗora ginin kan 'yan dirkokin ƙarfe da ake murzawa cikin ƙasa, ran tashi a warware su. Ko wanne kika zaɓa, a yi rufi na biyu a sama da tazara, iska ta riƙa ratsawa.

Wani mai haɗa sola: Kada wani ya ce miki sola za ta ɗauke komai. Rufin kwantena mai ƙafa 20 bai kai murabba'in mita 15 ba, faifai shida ko bakwai zai ɗauka, wato ƙasa da kilowat 3 da tsakar rana. Injin espresso, wato injin haɗa gahawa, mai baki biyu shi kaɗai yana jan kilowat 3 zuwa sama idan yana ɗumama ruwa. Ki bar wa sola fitilu, fanka da firji. Rumfar kujerun ma a iya rufa ta da faifan.

Wani ɗan'uwa: Ba wanda ya ambaci ruwa. Diddigar gahawa da madara na toshe bututu, a sa abin tacewa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Kuma ginin wucin gadi ma yana son izinin hukumar tsara birni, ki fara da can.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na auna, lungun ba zai ɗauki babbar mota ba, ga wayoyi a sama. Bangayen zan yi. Injiniya, me zan nema wurin masu ƙerawa?

Injiniyan: Zane mai lamba a kan kowane yanki, da takardar da ke nuna tsarin kwancewa, ba ta haɗawa kaɗai ba. Bututu da wayoyi su taru a bango ɗaya mai murfin da ake buɗewa. Ki sa su haɗa shi sau ɗaya a farfajiyarsu, su kwance a gabanki, sannan ki biya cikon kuɗin.