Shin tsohuwar rakodar da aka haɗa da kayan wasu kamfanoni jabu ce?

Mai Tara Kaset: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina neman tsohuwar rakoda mai lasifika biyu, irin manyan nan da ake ɗauka a hannu a farkon shekarun 1980, kuma a makon jiya Allah ya haɗa ni da wata mai tambarin wani babban kamfanin Japan. Da na kwance bayanta domin in sauya bel ɗin da ya narke, sai na tarar ƙaramin injin da ke juya kaset na Mabuchi ne, IC ɗin (ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu da yawa) da ke ƙara sauti na Sanyo ne, wani kuma na Toshiba, kafasitocin kuwa (ƙananan kayan da ke ajiye cajin lantarki) na Rubycon da Nichicon. In ban da roba da tambari, ban ga abin da kamfanin ya yi da hannunsa ba. Ashe duk shekarun nan jabu muke yabo?

Tsohon Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka janye kalmar jabu, domin jabu shi ne kayan da aka saci tambarin wani aka manna masa ba da saninsa ba, kai kuwa kowane ɓangare da ka lissafa yana ɗauke da sunan wanda ya ƙera shi a fili. Gina masana'antar IC yana cin dukiya mai yawa, saboda haka kamfanin da ke buƙatarsa don rakodarsa kawai ya fi masa sauƙi ya saya a wurin wanda ke ƙera shi miliyoyi yana sayar wa kowa. Haka Mabuchi yake a fannin ƙananan injina, haka Alps yake a fannin maɓallan ƙara murya. Mu da muka tsufa a kan dalma, daga haruffan farko na lambar da ke jikin IC muke gane mai kaya: LA na Sanyo ne, TA na Toshiba, HA na Hitachi, AN na Matsushita, BA na Rohm.

Masoyin Sony: Baba ya yi gaskiya a kan sauran kamfanoni, amma ina roƙon kada a yi wa Sony kuɗin goro. Sony yana da nasa IC mai haruffan CX, kuma shi ya fito da Walkman a shekarar 1979 kowa ya bi bayansa. Idan har akwai jabu a wannan harka, to a neme shi wurin masu kwaikwayo.

Ɗan Gidan National: Malam, wa kake kira mai kwaikwayo? Idan ƙera kaya a cikin gida shi ne ma'auni, babu wanda zai ja da Matsushita na wancan zamanin, mai tamburan National da Panasonic da Technics, wanda yake yin nasa batir da nasa kafasita da nasa IC. Har JVC da ake ta yabon rakodarsa RC-M90, a wancan zamanin Matsushita ne ke riƙe da mafi yawan hannun jarinsa.

Masoyin Sony: Aiwa ma ai a ƙarƙashin inuwar Sony ya rayu har aka haɗiye shi gaba ɗaya a 2002, kuma ba mu taɓa yin gori da hakan ba. Ni dai kunnena shi ne shaidata.

Malamar Harshe: Ina ganin kun bar jaki kuna dukan taiki. Jabu da kwaikwayo ba abu ɗaya ba ne, kuma wanda ya kawo ƙorafin haɗin gambiza yake nufi, kalmar ce kawai ta kuɓuce masa. Idan aron abin wani shi ne jabu, to kaset ɗin kansa Philips ne ya fito da shi a 1963, kuma duk rakodar da ke da tambarin Dolby, wato fasahar rage hayaniyar kaset, fasahar wani kamfani take amfani da ita bisa lasisi, ko da Sony ce ko National.

Mai Tara Kaset: Malama, ban ce haɗin gambiza ba, jabu na ce, kuma ina nan a kan bakana. Wanda ya sayi suna yana da haƙƙin ya sami aikin mai sunan a ciki.

Tsohon Mai Gyara: Aikin mai sunan yana nan, idonka ne bai kai gare shi ba. Shi ya zana fanel ɗin da ake jera kayan lantarki a kansa, shi ya zaɓi wane IC zai zauna da wace lasifika, shi ya tsara girman akwatin da zai fitar da sauti mai kauri, kuma shi zai ɗauki kunya idan kayan ya lalace. Da IC iri ɗaya wani kamfani zai yi rakoda mai daɗin saurare, wani kuma ya yi wadda take ƙara kamar gwangwani. Inda maganarka take da ƙamshin gaskiya shi ne a ƙananan rakodoji masu araha, waɗanda da yawansu injin kaset ɗin kamfanin Tanashin ne a ciki ɗungurungum, wasu ma wata masana'anta ce ke ƙera su gaba ɗaya, mai tambari ya sa sunansa kawai. Sannan ka duba dalmar da kyau, domin kayan da ya haura shekara 40 da wuya a ce babu mai gyaran da ya taɓa sa masa hannu.

Ɗan Gidan National: Har yanzu ina jiran Malam ya janye kalmar kwaikwayo.

Masoyin Sony: Tun da dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cimma. An amince cewa kalmar jabu ba ta dace ba, an amince cewa kamfanonin da ba su da ƙarfin ƙera kayansu su ne suka dogara da na wasu, kuma babu wanda ya musanta cewa Sony ne ya buɗe wa kowa hanya.

Ɗan Gidan National: Ni na musanta, kuma saƙona yana nan a sama. Baba, don Allah ka faɗa mana tsakaninka da Allah, ba ka taɓa buɗe rakodar Sony ka tarar da IC mai haruffan LA ko TA a ciki ba?