Wai mi ne ne wanga "Avent" da Kiristoci ke yi kahin Nowel?

Ɗan Ader:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina zaune Yamai, unguwar Bukoki, makwabcina ɗan Katolika ne daga Doutchi, ran lahadi na shiga gidanshi gaisuwa na iske wani zagayen ganye bisa tebur da buji huɗu amma guda ɗaya tak suka kunna, na ce ko wuta ce aka ɗauke, ya yi dariya ya ce a'a sun shiga Avent ne. Kunya ta hana ni in ja tambaya. Azumi ne irin namu ko mi?

Maman Grace:
Wa alaikumus salam ɗan uwana, da ka tambaye shi ai da ya ji daɗi. Lokacin jira ne da shirya zuciya. Shina hwarawa lahadi ta huɗu kahin 25 ga Disamba, wato tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, kuma nan ne sabuwar shekarar majami'a take kamawa, ba Janairu ba. Buji ɗin kowace lahadi a ƙara kunna ɗaya, haske na ƙaruwa Nowel na matsowa. In ka leƙa katedral za ka ga limamin da riga shunayya, launin tuba ke nan, sai lahadi ta ukku ya iya sa mai ruwan hoda don murna ta kusa. Ana karanta annabi Ishaya da Yahaya mai baftisma da labarin Maryamu, a je a hurta zunubi, wanda kuka yi shekara ba ku gaisawa ka je ka same shi. Wanga na ƙarshen ya hi komi wuya wallahi, ɗinkin anko ya hi shi sauƙi.

Lakwal Tawa:
Ƙarin bayani kaɗan, da yawa na zaton kalmar nan ce ta Faransanci avant mai nuhin kahin, alhali daga Latin take, adventus, ma'ana zuwa. Kuma zuwa biyu ake nuhi, har 16 ga Disamba hankali na kan komowar Almasihu a ƙarshen duniya, daga 17 zuwa 24 sai a juya ga haihuwarshi a Baitalami. Zagayen buji kuwa ba daɗaɗɗe ba ne, wani fasto ne a Hambug ta Jamus ya ƙago shi 1839 saboda yaran da yake riƙo sun dame shi da yaushe ne Nowel. Azumin kwana 40 na Katolika kahin Pak yake, wato sallar tuna tashin Almasihu, Kiristoci ƴan ɗarikar Otodoks su ne ke azumin kwana 40 kahin Nowel.

Ibro 227:
Ni a majami'armu ta bishara na tashi, gaskiya ba mu san su riga shunayya da buji ba, namu dai kwayar waƙa da wasan kwaikwayo na yara, sai cikin sanyin ga a yi ta zuwa gwaji da dare. Maman Grace ku Katolika kun cika tsari.

Ɗan Ader:
Madalla na gode. Abin da ya ba ni mamaki zancen komowar nan, don mu ma mun yarda Annabi Isa (AS) zai komo, ko da yake akwai bambanci mai yawa a yadda muke ɗaukarshi. Lahadi mai zuwa zan leƙa in ga ko ya kunna ta biyu, kuma bana sai ya biya ni naman layyar da na kai mishi.